Sammaci Daga Gumbin Kure

Na daɗe cikin sana'a, na ga abubuwa da dama, wasu ina tuna su, wasu kuwa sai an tuna mini. Amma akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai bar zuciyata ba muddin ina numfashi, wato lokacin da mutumin da ya goya ni ina ƙarami ya kai ni kotu, ni kuma saura ƙiris in rantse cewa bai taɓa yi mana aiki ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mini injin casar shinkafa a Jega. Ba wani babban wuri ba ne: rumfar kwano, injin casa ɗaya, injin niƙa biyu, sai filin shanya a baya. Ma'aikata huɗu ne, babbansu wani mutumin Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama, wanda muka tashi muna kiransa Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya zo Jega ci-rani yana saurayi, mahaifina ya gan shi yana sauke buhuna a kasuwa, ya yaba da ƙwazonsa, ya ce masa, "Ka zo gobe da safe." Iyakar yarjejeniyar da aka yi ke nan, kuma a kanta ya yi kusan shekara talatin. Duk ranar kasuwa akan ba shi kasonsa daga abin da injin ya kawo, da kaka ya yi kauri, da damina ya ragu. Iyalinsa suna ƙauye, yakan je ya dawo. Babbar 'yarsa a gidanmu ta zauna ta yi makaranta, tana ce mini Yaya, har ta zama malamar firamare a Andarai. Shi ya koya mini tayar da injin, shi ya koya mini gane busasshiyar shinkafa da haƙori. Ranar da aka yi addu'ar bakwai ta mahaifina ya fara kirana maigida, na roƙe shi ya bari, ya ce ai kujerar ce yake kira.

Injin casar ya zo da ragar ƙarfe da ke rufe bel ɗinsa, wato ɗamarar robar da ke juya shi. Matsalar ita ce bel ɗin yakan zame idan aka cika wa injin kaya, kuma kafin a kwance ragar a mayar da shi a sake ɗaurewa, masu jira sun fara gunaguni. Tun zamanin mahaifina aka cire ta aka jingine a bango, har ta zama wurin rataye huluna. In bel ya zame, sai a ɗauki sanda a tura shi ya koma, ba tare da an kashe injin ba. Duk wuraren casar da na sani a lokacin haka suke yi, ni ma na yi da hannuna ba sau ɗaya ba. Ba mu ɗauke shi ganganci ba. Gwaninta muke kiransa.

Abin ya faru da kaka, da hantsi. Wasu mata daga Dangamaji sun kawo shinkafa mai yawa, layi ya kai bakin hanya. Ina waje muna ciniki da wani mai sayen ƙaiƙayi sai na ji ƙarar injin ta canja, kamar ya haɗiye wani abu. Kafin in shiga wani ya riga ya kashe shi. Hannun rigar Kawu ne bel ya kama, ya ja hannunsa na dama. Na same shi zaune a ƙasa ya riƙe hannun da ɗayan, bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. Da muka sa shi a mota ya dube ni ya ce, "Aliero, maigida. Kada ka kai ni inda za a yanke." A wajenmu duk wanda ya karye, Aliero ake fara tunawa, saboda masu ɗori. Ban yi gardama ba. Tsohon da muka samu a can ya buɗe ƙyallen da muka naɗe hannun, ya duba, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Ƙashin nawa na, ina iya mashi. Amma wanga rauni na tafin hannu ba nawa ba na. Ku tafi asibiti yanzu, kada ku tsaya ko shan ruwa." Muka juyo, muka sake ratsa Jega, muka nufi Birnin Kebbi. Likitoci sun ceto hannun, amma sun cire yatsu uku, har da babban. Na tambayi likitan ko jinkirin da muka yi ne ya jawo, ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Har yau amsar da nake da ita ke nan.

Na biya kuɗin asibiti duka. Da aka sallame shi, abokan mahaifina suka ce a zauna, kamar yadda aka saba in wani ya cutu a hannun wani kuma akwai zumunci tsakani. Aka taru a zauren gidanmu, da limamin unguwa da dattawa biyar. Aka yi addu'a, aka yi nasiha a kan ƙaddara, aka tuno alherin marigayi. Sannan liman ya juya ya ce, "To Malam, kana da wata magana a kan yaron nan?" Kawu yana zaune kusa da ƙofa, ya ɗora naɗaɗɗen hannunsa a cinya, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ba ni da magana. Na yafe, duniya da lahira." Aka shafa fatiha, aka raba goro. Na ba shi abin da ya sauƙaƙa a ambulan, na sa aka ɗora masa buhun shinkafa biyu, mota ta kai shi gida. Na tuna yadda na ji sakayau a ranar. Sai yanzu nake lura cewa cikin mu bakwai da muka zauna tare da shi, babu wanda ya tambayi abin da mutumin nan zai ci baɗi, ko wane aiki zai yi da yatsu biyu. An tambaye shi tambaya ɗaya tak, a wurin da amsa ɗaya ce kawai mai kunya zai iya bayarwa.

Watannin farko ban yi sake ba. Duk ranar kasuwa nakan aika masa da saƙo ta hannun direbobin Maiyama. Daga baya man injin ya yi tsada, ciniki ya ja baya, saƙon ya koma wata-wata, ya koma sai da salla. Ba wata rana da na zauna na yanke shawarar in daina. Kawai dai abin da ba a ɗora maka ba, shi ne farkon abin da kake saukewa in kaya sun yi nauyi. Na ɗauki wani magidanci daga Aliero ya maye gurbinsa, tunda aiki ba zai tsaya ba. Ban taɓa ce wa Kawu na sallame shi ba, ban kuma taɓa ce masa ya dawo ba.

'Yarsa ta zo wurina sau biyu. Zuwan farko ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi wane tsari aka yi wa Baba. Na ce an riga an gama magana gaban manya. Zuwa na biyu ta ce an gaya mata akwai diyyar da doka ta tanada wa wanda ya ji rauni a wurin aiki, tana son in rubuta mata ko layi biyu ne da ke nuna shekarun da ya yi a wurinmu. Raina ya ɓaci. Na ce, "Takarda? Tsakanina da Kawu sai an kawo takarda? Ke kin san a bayansa na girma?" Ta ce, "Na sani, Yaya," ta tashi ta tafi. A lokacin gani nake na kare mutuncin zumunci. Ban ga cewa na mayar da ita hannu wofi ba.

Bayan wata uku wani ma'aikacin kotu ya yi sallama a bakin rumfa, ya tambayi mai wurin, ya miƙa mini takardu ya ce in sa hannu na karɓa. Sammaci ne daga kotun da ke sauraron shari'ar ma'aikata a Sakkwato. Mai ƙara, Kawu. Wanda ake ƙara, ni. A ƙasan takardar ga dangwalen yatsansa, wanda na san dole na hagu ne. Ana neman diyyar hannunsa, da haƙƙinsa na shekarun da ya yi yana aiki. Ba zan ɓoye ba, kalmar da ta fara zuwa bakina ita ce butulci, kuma na faɗe ta da ƙarfi gaban ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu ya ci gaba da ɗinke bakin buhu kamar bai ji ba.

Wani abokina ya haɗa ni da wata lauya a Birnin Kebbi, mace mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ta karanta takardun, ta ɗauki biro ta fara tambaya. Akwai takardar ɗaukar aiki? Babu. Na yi wa ma'aikatana rajista da asusun da gwamnati ta kafa don biyan diyyar waɗanda suka ji rauni a bakin aiki? Na ce yau na fara jin labarinsa. Na kai rahoton hatsarin? Na ce ga wa? Bel ɗin a rufe yake? Na ce a'a. Ta ajiye biron ta yi mini bayani dalla-dalla: doka ta ce duk wanda ka ɗauka aiki ka ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, ta ce a killace sassan injin da ke juyawa, kuma ƙanƙantar wuri ba ta sauke wa mai shi wannan nauyi. Na kawo mata maganar zaure, na ce ai ya yafe gaban liman da shaidu. Ta ce, "Alhaji, wannan yafiya tana da lada wurin Allah. Amma kotu za ta tambaya, ya san haƙƙin da yake da shi lokacin da ya faɗa? An rubuta? An ba shi damar ya yi shawara da wani?"

Sai ta tambaye ni yadda ake biyansa, ta ce wannan yana da muhimmanci, domin doka ta bambanta ma'aikaci da mutumin da ke zaman kansa, yana zuwa ya yi aiki a raba riba ya tafi lokacin da ya so. Nan take na ga ƙofa, na kuwa nufe ta da gudu. Na ce ba albashi yake karɓa ba, kaso ne. Na ce da damina yakan tafi gonarsa ba tare da ya nemi izini ba. Na ce babu wanda ya taɓa yanka masa lokacin zuwa ko na tashi. Kowace magana in ka ɗauke ta ita kaɗai gaskiya ce. Ban dai ƙara da cewa ba a yanka masa lokaci ba ne saboda shi ke buɗe wurin tun kafin kowa ya zo, makullan ma a aljihunsa suke kwana.

Da na koma bayan mako guda ta riga ta tsara bayanina a takardar da zan rantse a kanta. Ta karanta mini, tana fassarawa da Hausa. Da ta zo sakin layi na huɗu ta rage sauri: "Mai ƙara bai taɓa zama ma'aikacina ko ma'aikacin mahaifina ba." Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Wannan maganarka ce na rubuta, ba tawa ba. Tunda babu takarda ko ɗaya, mai yiwuwa ta tsaya maka, mai yiwuwa kuma ta rushe in sun kawo shaidu. Amma kai za ka rantse. Ka tafi da ita, ka kwana biyu, in ka gamsu ka dawo mu shigar." Na ninke takardar na sa a aljihun gaba.

Ran Asabar na kama hanyar Maiyama. Zan so in ce tausayi ne ya kai ni, amma ba shi ba ne. Na tafi ne in kunyata shi ya janye ƙarar, in kuma ya ƙi, in nuna masa cewa ni ma ina da abin faɗa. Lokacin dashen albasa ne. A gida aka ce yana fadama, aka nuna mini hanya. Daga nesa na hango shi a tsugune cikin fangali, yana dasa iri da hannun hagu, yana danna ƙasa da gefen na daman. Maƙwabcinsa ya yi masa nisa ƙwarai. Na tsaya na ɗan lokaci ina kallon mutumin da a da yake ɗaga buhu shi kaɗai yana kokawa da ɗan tsiron da bai kai tsinke kauri ba.

Da ya gan ni ya miƙe da sauri yana goge hannu a riga. Ya miƙo na hagu, ya tuna, ya janye, sannan ya ba ni wuyan hannunsa na dama. Na riƙe. Ya ce, "Maigida! Kai da kanka? Da ka aiko ai da na zo." Muka koma gindin wani mangwaro. Ya tambayi Hajiya mahaifiyata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya tambayi injin. Ya ce, "Ku riƙa duba mashi mai kowace safiya. Wanga injin ya fi jariri son kulawa, in kunka yi mashi wasa sai shi kunyata ku ranar kasuwa." Muna cikin haka 'yarsa ta iso da ƙwaryar fura, da yake ba makaranta ran nan. Ta gaishe ni, ta ajiye, ta koma gefe ta tsaya.

Na ga in ban fara ba, ba zan iya ba. Na ce, "Kawu, ba ka ce ka yafe ba?"

Ya ce, "Na yafe. Har gobe na yafe. Ban riƙe ka da komai ba a raina."

"To sammacin fa?"

Ya shiga murza ƙasa da yatsan ƙafa. 'Yar ce ta amsa. Ta ce, "Yaya, laifi ya yafe maka. Bai ce ya daina cin abinci ba."

Ya ce, "Ke, kama bakinki, da yayanki kike magana." Sannan ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ran da munka zauna zaure, ga liman, ga abokan marigayi Alhaji, mutanen da sunka san ni tun ina ɗaukar kaya. In buɗa baki in ce mi zan ci baɗi? Da wane ido zan dube su? Na ce a raina, maigida ya sani, ba sai na faɗa ba."

Ya ce ko da 'yarsa ta kawo maganar kotu ya ƙi, har suka yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta yadda ya kamata. Sai wata ranar kasuwa ya shirya ya hau mota ya zo Jega, da niyyar ya tambaye ni ko akwai ɗan aikin da mai hannu ɗaya zai iya. Bai same ni ba. Ya nufi cikin rumfa kamar yadda ya saba, sai sabon mutumin da na ɗauka ya tare shi da ladabi ya ce, "Baba, masu kawo niƙa a waje suke jira." Sauran ma'aikatan suna can baya wajen shanya, ba wanda ya gani. Ya fita ya zauna a benci tare da masu jira har azahar, sannan ya tashi ya koma tasha. Ya ce, "Ba laifinsa ba na, bai san ni ba. Amma a hanya na yi ta tunani, in kai ba ka nan, wa zai ce na taɓa zama wurin nan? Da na iso gida na ce mata ta kawo takardar."

Ban san ya zo ba. Babu wanda ya gaya mini. Sai ya yi 'yar dariya, kamar wanda ya tuna abin ban dariya. Ya ce, "Ka san mi lauyan nan namu ya ce? Wai in shirya, mai yiwuwa za ku ce ban taɓa yi maku aiki ba, tunda babu takarda. Na ce mashi, Malam, kai dai ka san doka, amma ba ka san yaron ga ba. Ni na goya shi. Ko zai ƙi ba ni ko kwabo, wagga magana ba ta fita bakinsa."

Takardar tana aljihuna, daidai ƙirjina. Na ji ta kamar an ɗora mini garwashi. Na ɗauki ludayi na kai fura baki don in sami abin yi. Ya ga idona ya kawo ruwa, ya ɗauka maganar zamansa a benci ce ta taɓa ni, ya shiga ba ni haƙuri, yana cewa da ya sani da bai faɗa ba. Ban iya gaya masa gaskiya ba. Abin da na iya kawai shi ne na cire takalmi, na naɗe ƙafar wando, na ce ya nuna mini inda ya tsaya. Muka shiga fangalin tare. Ya bi bayana yana gyara abin da na dasa, yana cewa, "Maigida, albasa kake dasawa ko masallata kake jerawa? Ba su wuri su yi kai mana." Har 'yar ta yi dariya ba ta shirya ba.

Ran Litinin na mayar wa lauyata takardar ba sa hannu. Na ce ta cire sakin layi na huɗu, ta rubuta cewa ma'aikacinmu ne tun kafin in iya tafiya, kuma bel ɗin a buɗe yake da sanina. Ta karɓa ta sa a aljihun tebur, ta ce, "To, yanzu aiki ya yi sauƙi. Sulhu za mu nema." Ta kira lauyansu, aka sa rana. Zama uku muka yi. A nan na fara jin abin da Kawu yake so daga bakinsa, domin lauyansa ya ce kowa ya yi shiru sai ya gama. Ba abu mai yawa ya nema ba, har sai da 'yarsa ta riƙa tuna masa wasu. Aka amince zan biya diyyar hannun kashi-kashi a lokutan da aka ƙayyade, zan ɗauki nauyin duk maganin da raunin zai buƙata nan gaba, kuma zai dawo aiki a matsayin mai kula da awo da karɓar kaya, da albashin wata da takardar ɗaukar aiki. Sai da na sayar da wani fili da nake ji da shi kafin in cika kashin farko. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba.

Aka kai yarjejeniyar kotu don ta zama hukunci. Muka tafi Sakkwato a mota ɗaya, mai ƙara a gaba, wanda ake ƙara yana tuƙi. Mai shari'a ya sa tafinta ya karanta wa Kawu komai da Hausa, sannan ya tambaye shi ko ya fahimta, ko akwai wanda ya matsa masa, ko akwai abin da yake son a ƙara. Kawu ya ce ya fahimta, ba wanda ya matsa masa, amma yana roƙon a sake karanta masa farkon. Farkon kuwa ba maganar kuɗi ba ce. Shi ne inda aka rubuta cewa wanda ake ƙara ya amince mai ƙara ya yi wa gidansu aiki shekara da shekaru, cikin gaskiya da riƙon amana. Tafinta ya sake karantawa. Kawu ya saurara ido a rufe, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, shi ke nan. Madalla."

A wajen kotun, yana can yana alwala, 'yarsa ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, ran da ka zo fadama na ga bakin takarda a aljihunka. Na san ko mece ce." Na tambaye ta me ya sa ba ta tona ni ba. Ta ce, "Na ga Baba ya riga ya yi maka shaida. Na ce bari in gani ko za ka karɓa."

Kafin ya dawo aiki na kira mai walda ya mayar da ragar bel ɗin, ya yi mata ƙofa mai sakata yadda za a buɗe a rufe ba wahala, na kuma kafa doka cewa ba mai taɓa bel sai an kashe injin, ko layi ya kai kasuwa. Sauran ma'aikatan kowa na ba shi takardarsa, aka karanta masa, ya tafi da ita gida ya nuna wa wanda ya yarda da shi kafin ya sa hannu. Na yi musu rajistar asusun diyya. Wasu abokan sana'ata sun yi mini dariya, sun ce na mayar da rumfar casa ma'aikatar gwamnati. Kawu ya yi shekaru yana riƙe da awo kafin ƙarfinsa ya ja baya ya koma gida. Har yau in na je gaishe shi, da ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, "A'a, wanda ake ƙara! Sannu da hanya." Ni kuma in ce, "Mai ƙara, mun same ku lafiya?"

Abin da na koya shi ne, a da ina ganin rubuta yarjejeniya tsakaninka da naka alamar rashin yarda ce. Yanzu na gane cewa in ba a rubuta ba, haƙƙin ƙaramin yana rataye ne a kan halin babban, da yanayin cinikinsa, da abin da ya tuna ko ya manta. Ni ban ƙi Kawu ba ko na rana ɗaya, amma duk da haka na bar shi da yunwa, kuma na kusa ƙaryata shi da rantsuwa. Don haka duk mai ƙaramar sana'a da ya nemi shawarata nakan ce masa, wanda ka fi ƙauna cikin masu yi maka aiki, shi za ka fara rubuta wa haƙƙinsa, tun kuna dariya da juna. In kuma wanda ke ƙarƙashinka ya ce ya yafe maka a gaban jama'a, ka gode masa, sannan ka bi shi gida, ku zauna ku biyu, ka tambaye shi da me zai rayu.